Waiwaye: Yadda ƙwaƙwalwa ke bambanta kiɗan gida da na baƙi

A filin kokowa na Tahoua, kafin makaɗi ya kai duka na uku jama'a sun gane taken wa ake yi, har wasu sun miƙe tsaye. Baƙon da ke zaune kusa da su kuwa ƙarar ganga kawai yake ji. Kunnuwan iri ɗaya ne, sautin ma ɗaya ne, to ina bambancin yake? Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan.

Tun zamanin Girkawa ake danganta wa masanin lissafi Pitagoras cewa daɗin sauti lissafi ne: a raba tsirkiya kashi 2 da 1, ko 3 da 2, sai a sami sautuka masu jituwa. A 1863 Bajamushe Helmholtz ya ɗora wannan jituwa a kan yadda kunne yake aiki. Daga nan Turawa da yawa suka ɗauka jerin sautukansu shi ne na halitta, na sauran mutane kuma karkatacce ne. Wani Baturen Ingila, Alexander Ellis, shi ya tsinka wannan zato a 1885. Ya auna sautukan kayan kiɗan Jawa da Sin da Japan da wasu ƙasashe, ya nuna cewa jerin sauti ba guda ba ne a duniya, kowace al'umma da irin nata tsarin.

An kusan shekara ɗari kafin a koma kan mai sauraro. A 1984 Carol Krumhansl da abokan aikinta sun kunna wa Indiyawa da Turawa kiɗan arewacin Indiya, suna tambayarsu wane sauti ya dace da abin da suka ji. Turawan ba su ɓace gaba ɗaya ba, sun kama sautukan da aka fi maimaitawa. Amma ƙa'idar da ke ƙarƙashin kiɗan, Indiyawan ne suka nuna sun san ta.

Sai aka shiga ƙwaƙwalwar kanta. A 2000, a birnin Laifzig na Jamus, Stefan Koelsch ya sa wa mutanen da ba su taɓa koyon kiɗa ba hula mai wayoyi da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Duk lokacin da aka jefa sautin da ya saɓa tsarin da suka saba, ƙwaƙwalwar takan zabura cikin kimanin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. A 2001 aka gano cewa yankin Broka na ƙwaƙwalwa, wanda aka sani da tsara jimlar magana, yana da hannu a wannan aiki. Ashe ƙwaƙwalwa tana hasashen abin da zai biyo baya, da ma'aunin abin da ta saba ji.

Binciken da ya fi ba ni sha'awa na jarirai ne. A 2005 Erin Hannon da Sandra Trehub sun gwada kiɗan ƙasashen Balkan, wanda karinsa ba ya rabuwa daidai wa daida, a kan jariran Arewacin Amurka. Ƴan wata 6 suna lura idan aka ɓata karin. Ƴan wata 12 sun fara rasa wannan, kamar manya. Da aka riƙa kunna musu kiɗan a gida na mako biyu, ƴan wata 12 suka dawo da ganewarsu, manyan kuwa ba su kai haka ba. Ke nan yaron da aka goya zuwa gidan biki, yana jin kalangu daga bayan uwarsa, karatu yake yi tun bai iya tafiya ba.

Ba komai ne koyo ba, kodayake. A 2009 an gwada mutanen Mafa na duwatsun Mandara a Kamaru, waɗanda ba su saba da kiɗan Turai ba, sun kuma iya tsintar farin ciki da baƙin ciki da tsoro a cikinsa fiye da a ce dace ne. Amma a 2016, a wurin mutanen Tsimane na dajin Bolibiya, sautuka masu jituwa da marasa jituwa daɗinsu ɗaya. Wannan ya girgiza gadon Pitagoras sosai. A 2024 wani bincike na rukunoni 39 a ƙasashe 15, har da makaɗan Mali, ya samu cewa kowa na karkata ga kari mai sauƙin lissafi, sai dai wanda ya fi ƙarfi a kan mutum ya danganta da kiɗan garinsu. Ya kuma nuna ɗaliban jami'a, ko a ina suke, sun fi kama da Turawa, alhali a kansu aka yi yawancin gwaje-gwajen baya. A ganina wannan aibi ne babba.

A wurinmu akwai wani ƙarin sarƙaƙiya, domin kalangu yana bin hawa da saukar muryar Hausa, don haka mai jin take kiɗa da magana yake warwarewa a lokaci guda. Kuma baƙunta ba ta dawwama. Waƙoƙin finafinan Indiya sun shekara da shekaru a gidajen Hausawa har karinsu ya shige cikin waƙoƙinmu na zamani, jitar Buzayen Abalak da Cintabaraden kuma yau tana cikin wayoyin samarin Tahoua tare da gurumi da goge.