Waiwaye: robar teku ta daɗe tana rugurgujewa kafin mu farga

Duk sanda aka tashi taron ƙasashen duniya kan yarjejeniyar rage sharar roba baram-baram, kamar na Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 da na Janeba a Agustan 2025, sai gardama ta dawo sabuwa, wasu su ce a tura jiragen ruwa su kwashe sharar kawai, wasu su ce a'a, a rage ƙera robar tun daga tushe. Sai ka rantse jiya aka gano matsalar.

Ai tun 1972 masanin halittun ruwa Edward Carpenter da abokin aikinsa suka ƙirga gutsattsarin roba wajen 3,500 a kowace murabba'in kilomita a tekun Sargasso, wani yanki na tekun Atlantika. A 1992 kwantena ta faɗa tekun Fasifik da kayan wasan yara 28,800, su agwagin roba da kwaɗi da kunkuru, masana suka bi sawunsu har gaɓar Alaska suna koyon yadda iska da igiyar ruwa ke jan kaya. A 1997 kuma wani matuƙin jirgin ruwa, Charles Moore, ya ci karo da abin da ake ce wa tsibirin shara tsakanin Hawai da Kalifoniya. Wannan kam an sha ba da labarinsa.

Wanda ba a cika faɗa ba shi ne na ƙyallen siliki. Tun 1931 masanan Birtaniya ke ɗaura wani akwatin ƙarfe a bayan jiragen dakon kaya, ruwa na shiga ta ɗan rami a gaba, siliki na naɗewa a hankali a ciki yana tace ƙananan halittun ruwa, in jirgi ya iso a cire a rubuta hanya da kwanan wata a adana. Ba don roba aka yi shi ba fa, ko kaɗan. Sai Richard Thompson na jami'ar Plymouth, wanda dama ya lura cewa masu tsintar shara a bakin teku gora da leda kawai suke ƙirgawa suna tsallake ƙanana, shi da abokan aikinsa suka koma kan tsofaffin ƙyallayen nan da madubin ƙara girma. Sai ga zaren roba maƙale a na shekarun 1960, kuma yawansa ya ƙaru sosai a na shekarun 1980 da 1990, daidai lokacin da ƙera roba ke hauhawa a duniya. A 2004 suka wallafa, daga nan ne maganar burbushin roba ta shiga bakin masana. Ashe shaidar na ajiye shekara da shekaru babu wanda ya tambaye ta.

Yadda abin ke faruwa kuwa, rana ce ke gasa robar har ta bushe ta yi ƙarau, sai igiyar ruwa da yashi su niƙe ta, shi ya sa ta fi saurin farfashewa a gaɓa fiye da tsakiyar teku inda ruwa ke sanyaya ta. Wadda ta yi nisa kuma gansakuka da ƙananan halittu su manne mata, ta yi nauyi ta fara nitsewa.

Ƙiyasin 2014 ya ce tan 269,000 ne ke yawo a saman ruwa, na 2015 ya ce tsakanin tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 suka shiga teku daga tudu a 2010 kaɗai. Ragar masu kwashe shara kuwa, wadda ke yawo a saman ruwan kawai take iya kaiwa.