Songbun: tsarin asali da ya sa ba a ambaton sunan mahaifiyar Kim Jong-un

A Koriya ta Arewa, tun yaro bai iya rarrafe ba hukuma ta riga ta yanke masa matsayi. Sunan wannan tsari songbun. Ba za ka same shi a kundin tsarin mulki ba, kundin ma cewa ya yi 'yan ƙasa duk daidai suke, amma shi ke aiki a ofisoshin jam'iyya da na 'yan sanda.

Tushensa wani ƙuduri ne da jam'iyya mai mulki ta zartar a 1957, zamanin Kim Il-sung, shugaban ƙasar na farko kuma kakan Kim Jong-un. Daga nan aka shiga tantance mutane gida-gida, aka kasa su kashi 3: amintattu, masu tangal-tangal, da maƙiya, sannan aka ƙara yanka su zuwa ƙananan rukunai 51. Abin da ake dubawa shi ne me ubanka da kakanka suka yi lokacin mulkin mallakar Japan da yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. Jikan wanda ya yi yaƙin sunƙuru tare da Kim Il-sung yana sama. Jikan mai manyan gonaki, ko limamin coci, ko wanda ya tsere Kudu, yana ƙasa, ko da bai taɓa ganin kakan ba. Wannan rubutu na cikin fayil ɗin mutum shi ke buɗe ko rufe ƙofar jami'a, shiga jam'iyya, izinin zama a Pyongyang, har wanda za a yarda ya aure ka. Faɗowa ƙasa abu ne mai sauƙi, laifin ɗan'uwa ɗaya ya isa. Hawa kuwa abu ne mai wuyar gaske. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi bayanin tsarin a rahotonsa na 2014.

To ga inda gizo ke saƙa. Ko Yong-hui, uwar shugaban yanzu Kim Jong-un, a Osaka ta Japan aka haife ta a 1952, mahaifinta ɗan asalin tsibirin Jeju ne da ke Kudu. Iyalinta suna cikin mutum sama da 93,000 da jiragen ruwa suka kwaso daga Japan tsakanin 1959 da 1984, bayan an yi musu alkawarin aljannar duniya. Da suka sauka sai aka sa musu ido a matsayin waɗanda suka ɗanɗani jari-hujja, aka jefa yawancinsu a matakan ƙasa, har ana yi musu laƙabin raini, "jjaepo". Haihuwar Japan, asalin Kudu, ga kuma sana'ar rawa a ƙungiyar wasanni ta gwamnati mai suna Mansudae: a ma'aunin songbun, irin wannan mace ba ta da hanyar kusantar fada. Sai dai Kim Jong-il, ɗan Kim Il-sung kuma magajinsa, ya gan ta ya so, ta haifa masa Jong-chol da Jong-un da Yo-jong. Mai doka ai ba ya neman izinin fayil.

Matsalar ta dawo kan ɗan. A 2013 aka yi wa "Ƙa'idoji Goma" na jam'iyya kwaskwarima, aka rubuta cewa jinin Paektu, wato zuriyar Kim Il-sung, shi zai ci gaba da jan ragama. Mulkin da ya jingina da tsarkin jini ba zai so a tuna cewa rabin jinin shugaba daga Osaka ya fito ba. Shi ya sa kakarsa Kim Jong-suk take da gumaka da gundumar da aka sa wa sunanta, ita kuwa Ko Yong-hui, wadda ta rasu a 2004, jaridun gwamnati ba sa kiran sunanta, ba sa kuma faɗin garin da aka haife ta.