Makullin antibairos na Larabci a kan manhajar Turanci: ina dokar Saudiyya ta tsaya?

Wani saƙon murya yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan'uwa mazauna Makka, Jidda da Madina. Mai maganar yana cewa duk wanda ya sayi antibairos, wato manhajar kare kwamfuta daga ƙwayoyin cuta, mai kwalin Larabci, sannan ya sa lambar lasisin a kan manhajar Turanci, ya karya dokar ƙasa, tararsa riyal 250,000, bayan nan kuma tarhil, wato a kore shi daga ƙasar. Tsoro ya sa wasu ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i sun goge manhajar da suka saya da guminsu, sun bar kwamfutocinsu a buɗe. Adadin da ya ambata ya zo a cikin wata doka ta 2003, amma ba a kan wannan laifin ba, domin sauya harshe ba laifi ba ne tun farko.

Dokar da ake nufi ita ce ta haƙƙin mallakar marubuta da masu ƙirƙira, wadda ta fito da umarnin sarki mai lamba M/41 a shekarar 1424 ta Hijira, wato 2003. Ta sa manhajojin kwamfuta cikin abubuwan da take karewa, kuma hukumar kare mallakar fasaha ta ƙasar, SAIP, ke kula da wannan fanni. Ta hau kan kowa: ɗan ƙasa, mai igama (takardar izinin zama) da mai bizar ziyara.

Sashe na 21 ya jero abin da ake ɗauka ta'addi ne a kan haƙƙin mai manhaja. Akwai cirewa ko fasa kariyar da kamfani ya sa don tabbatar da asalin kayansa, abin da masu gyara ke kira kirak. Akwai cin kasuwa da manhajar da aka kwafa ba da izini ba. Akwai ajiye kayan jabu a shago ko a sito. Ka bi jerin daga sama har ƙasa, ba za ka ga inda aka ce rubutun fuskar manhaja sai ya kasance da Larabci ba. Abin da ka biya wa kuɗi izini ne na amfani da manhajar a kan na'urori kaza har tsawon lokaci kaza. Idan ka shigar da lambar, manhajar tana tuntuɓar kamfanin ta intanet, a duba ko lambar ta gaskiya ce, ko wa'adinta bai ƙare ba, ko ba a wuce adadin na'urorin ba. Harshe kuwa riga ce kawai da aka sa wa manhajar, kuma kamfanoni da yawa da kansu suke ba ka zaɓi lokacin saukewa.

To me ya sa wani lokaci makullin, wato lambar lasisin, kan ƙi shiga? Nan ne jita-jitar ta samo ƙarfinta, kuma nan ne ya kamata a tsaya. Yawanci matsalar ta yanki ce. Kamfanonin nan ba sa sayar da kayansu a farashi ɗaya ko'ina: abin da ake biya a Indiya ko Rasha ba shi ake biya a Jamus ko ƙasashen Larabawa na Gabar Tekun Fasha ba. Don kada 'yan kasuwa su kwaso mai araha su sayar inda yake da tsada, sai a ɗaure lambar da yankin da aka sayar da ita. Kamfanin antibairos na Kaspersky, alal misali, yana da lambar kunnawa mai haruffa da alƙaluma 20, kashi huɗu, kuma idan ka yi ƙoƙarin kunna ta a wajen yankinta zai iya nuna maka cewa lambar ba ta aiki a wannan yankin. Wasu kamfanonin kuma, a kasuwannin da suka sassauta farashi sosai, kan ɗaure lambar da bugun harshen ƙasar. Shi ya sa mutum biyu za su yi gardama, ɗaya ya rantse tasa ta shiga, ɗaya ya ce tasa ta ƙi, kuma duk gaskiya suke faɗa.

Wannan ƙin shiga sharaɗi ne na yarjejeniya tsakaninka da kamfani, wadda ka amince da ita ranar da ka danna alamar yarda. Iyakar abin da ke biyo baya shi ne lambar ta ƙi kunnuwa, ko kamfani ya soke ta. Babu ɗan sandan da zai buga maka ƙofa don ka gwada lambar da ka saya ta halal ta ƙi shiga. Amma ban ba kowa shawarar ya kunna VPN ya yi kamar yana wata ƙasa don ya wuce shingen ba. Yin haka saɓa yarjejeniyar ne da gangan, kuma idan aka soke lasisin ba ka da bakin neman kuɗinka.

A ganina tsarin nan yana cutar irinmu fiye da kowa. Ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina da ya sayi makulli a Kano kafin tasowa, ko mahajjacin da ya saya a Jidda don ya kai wa ɗansa tsaraba Zinder, babu wanda ya yi niyyar ha'inci a cikinsu. Mutum ne mai ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a gida, an tsara ciniki kamar kowa a gari ɗaya yake rayuwa har ya mutu. Sharaɗin ma da ƙananan baƙaƙe ake rubuta shi a bayan kwali.

Kada a haɗa wannan da batun Windows. Akwai bugun da ake kira Single Language da ke zuwa a kan wasu kwamfutoci masu sauƙin kuɗi, wanda harshe ɗaya kawai yake nunawa. Wannan iyakar Windows ɗin ce, ba ta shafi lasisin antibairos ɗinka ba.

Mu koma kan hukunci. Sashe na 22 na dokar ta 2003 bai ce kowane mai laifi riyal 250,000 zai biya ba. Wannan shi ne ƙololuwar tara. Jerin ya fara ne da gargaɗi, sannan tara, rufe shago har wata 2, ƙwace kayan jabu da na'urorin da aka yi aikin da su, sai ɗauri da bai wuce wata 6 ba. Wanda ya sake aikatawa ana iya ninka masa, kuma mai manhajar yana da damar neman diyya. Tarhil ba ya cikin jerin, ko da yake duk baƙo ya san abin da ya kai mutum kurkuku yana iya taɓa zamansa a ƙasa. Riyal 500,000 da wasu ke ƙarawa a labarin kuwa daga wata doka daban aka ɗauko shi, dokar laifukan intanet ta 2007, wadda ta shafi abubuwa irin su kutse cikin shafin wani, leƙen asirin saƙonni da ɓata suna.

Akwai wani wuri a sashe na 15 da ke ruɗa mutane sosai. Dokar ta yarda mutum ya kwafi aiki don amfanin kansa, sai ta cire manhajar kwamfuta daga wannan sassauci. Don haka hujjar "ai ni kaɗai zan yi amfani da ita, ba sayarwa zan yi ba" ba ta tsayawa. Abin da ta halatta shi ne kwafi ɗaya na ajiya ga wanda ya mallaki ta asali. Wannan ya yi wa talaka tsauri, ba na musu, amma haka rubutun yake, kuma gara a sani.

Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne mai zuba wa mutane manhajar da aka fasa yana karɓar kuɗi, da mai sayar da lamba ɗaya ga mutum goma. Mai saye ma ba ya tsira, domin araha ba ta ado: lambar da aka raba wa jama'a kamfani kan toshe ta, fayil ɗin kirak kuwa sau da yawa shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar da kake gudu, kuma sai ya nemi ka kashe kariyarka kafin ya shiga.

Kafin ka biya, tambayi mai shago yankin da lambar take aiki, na'ura nawa take ɗauka, da tsawon wa'adinta, kuma ka karɓi fatura, wato rasit. Idan gida za ka kai, ka faɗa masa sunan ƙasar ƙarara, ko ka bari a saya a can. Idan an sayar maka da ta jabu, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafin masu saye ta lambar 1900. Wanda kuma ba shi da halin saye yanzu, antibairos ɗin Microsoft Defender yana cikin Windows 10 da 11 kyauta, ya tabbatar a kunne yake kuma yana sabuntawa.