Alƙalanci da sauya doka a wasan kwaikwayo na tebur

Wasan kwaikwayo na tebur wasa ne da mutane ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi na ƙirƙira, su tafiyar da labari da baki, suna jefa dayis irin na ludo domin a san ko abin da jarumin ya yi niyya ya yiwu. Ɗaya daga cikinsu shi ne alƙali: shi yake bayyana inda labari ya kai, ya kuma yanke hukunci idan doka ta yi shiru ko 'yan wasa suka saɓa a kan ma'anarta.

Asali

Wannan matsayi ya samo tushe ne daga horon soja. A shekarar 1824 wani hafsan sojan Furusiya (tsohuwar daular Jamusawa), Georg von Reisswitz, ya gabatar wa shugabannin rundunarsu wasan yaƙi da ake yi a kan taswira, wanda mahaifinsa ya fara tsarawa. Kowane ɓangare yana rubuta umarninsa ya miƙa wa alƙali, shi kuma ya motsa dakaru, ya ɓoye wa kowa abin da sojojinsa ba za su iya hangowa ba, ya lissafa asara da dayis da jadawali. Da dokokin suka yi yawa har wasan ya yi nauyi, sai wani hafsan Furusiya, Julius von Verdy du Vernois, ya ba da shawara a 1876 cewa a ajiye jadawalin, gogaggen hafsa ya yanke hukunci da saninsa na fagen daga. Tun daga lokacin aka sami hanyoyi biyu, ta bin rubutacciyar doka da ta dogaro da hikimar alƙali, kuma mafi yawan muhawarar da ake yi a yau ba ta fita daga tsakaninsu ba.

A wajajen 1969 David Wesely ya gudanar da wasan Braunstein a jihar Minnesota ta Amurka, inda kowane ɗan wasa ya riƙe mutum guda maimakon runduna. 'Yan wasan sun riƙa yin abubuwan da babu dokar da ta tanada, dole alƙali ya ƙago hukunci nan take. Dave Arneson, ɗaya daga cikin 'yan wasan, ya ɗora a kan haka, daga baya shi da Gary Gygax suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a 1974. Littattafan farko sun bar giɓi mai yawa, kowane rukuni ya cike shi yadda ya ga dama, har wasan wani gari ya bambanta da na wani. Tsakanin 1977 da 1979 Gygax ya fitar da sabon bugu na wasan mai dokoki dalla-dalla, ɗaya daga cikin dalilansa kuwa shi ne a sami tsari guda a wurin gasa.

Hukunci da dokar gida

Ana bambanta abu biyu. Hukunci shi ne abin da alƙali ya yanke a lokacin wasa: misali, ɗan wasa ya ce jaruminsa zai watsa wa mai gadi yashi a ido, littafi bai ambaci haka ba, sai alƙali ya ce a jefa dayis mai fuska 20, idan ya kai 12 an yi nasara. Idan rukunin ya amince a riƙa yin haka kullum, hukuncin ya zama dokar gida. Alƙalai da yawa sukan yanke hukuncin wucin gadi don kada wasa ya tsaya, a koma ga littafi bayan an tashi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sanar da sauyi kafin a fara, domin wanda ya gina jaruminsa bisa wata doka yana da haƙƙin ya san an taɓa ta.

Saɓani

An saɓa a kan alƙalin da yake jefa dayis a ɓoye ya sauya sakamako don ya ceci jarumi. Wasu na ganin kyautata labari ne, wasu na ganin cin amana ne. Wani mai tsara irin waɗannan wasanni, Matthew Finch, ya goyi bayan fifita hukunci a kan yawan dokoki a wani ɗan littafi na 2008. Wasu sababbin wasannin kuma sun raba ikon alƙali tsakanin 'yan wasa, ko sun cire shi gaba ɗaya.

A Najeriya

Wasan bai yaɗu kamar ludo da dara da kati ba, amma dokar gida ba baƙuwa ba ce. A majalisar da ake buga Whot, kafin a raba kati akan daidaita ko wanda aka ce ya ɗauki biyu zai iya tare hukuncin da irin katin, domin dokar wannan unguwa ba lallai ta zama ta waccan ba.