Skunk: daga ina sunan ya fito, kuma me ke cikin ganyen?

Duk mai sauraron labarai ya saba jin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta kama buhu kaza na "skunk" a kan hanya, har wasu suna zaton wata sabuwar ƙwaya ce. Tabar wiwi ce, sai dai sunan yana da nasa tarihin.

Mece ce skunk tun asali?

Sunan irin wiwi ne guda ɗaya, Skunk #1, wanda wasu masu noma a ɓoye suka samar a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970. Auren iri suka yi, kamar yadda ake yi wa masara: suka haɗa irin Afganistan da na Kolombiya da wani na Meziko mai suna Acapulco Gold. Na Afganistan gajere ne mai kauri, mai yawan danƙo, yana nuna da wuri don ya saba da sanyin duwatsu. Sauran biyun dogaye ne masu nawar nuna, amma mayensu ya fi tashin kai. An ɗauki shekaru ana zaɓe ana zubarwa har aka samu irin da duk 'ya'yansa ke fitowa kusan kama ɗaya. A ganina wannan ne ya ɗaukaka shi, fiye da ƙarfinsa.

Yaya aka yi ya bazu a duniya?

Wani Ba'amurke, David Watson, wanda ake yi wa laƙabi da Sam the Skunkman, shi ya kai irin ƙasar Holan a tsakiyar shekarun 1980. A 1988 mujallar High Times ta shirya gasar wiwi ta farko a Amsterdam, Skunk #1 ya zo na ɗaya. Daga nan ya zama uba ga ɗimbin ire-iren da suka biyo baya.

Me ya sa ake kiransa haka?

Saboda wari. Skunk wata dabba ce ta Amurka, kwatankwacin bodari a wurinmu, mai feso ruwa mai ɗoyi idan ta ji tsoro. An daɗe ana jingina warin ga mayukan ƙamshin da ke jikin tsiron, waɗanda ake kira "terpenes" da Turanci. Gaskiya suna da nasu rabon: akwai wanda ake samun irinsa a mangwaro, akwai na masoro da kanumfari, su ne ke ba da ɗan zaƙi-zaƙi da yaji-yajin da hanci ke ji daga baya. Amma ainihin ɗoyin ba nasu ba ne. Wani bincike da aka buga a 2021 ya gano cewa sinadarai ne masu ɗauke da farar wuta, dangin waɗanda ke sa tafarnuwa wari, kuma dangin na jikin dabbar kanta. Ashe waɗanda suka raɗa sunan hancinsu bai yi ƙarya ba. Ɗan mitsitsi ya isa ya cika ɗaki, shi ya sa mai sha ba ya ɓoyuwa ko ya yi wanka da turare.

Me take yi wa jiki?

Sinadarin THC shi ke bugarwa. Idan an zuƙa, cikin 'yan mintoci ake fara ji, ya ɗauki awa biyu zuwa huɗu. Ido ya yi ja, baki ya bushe, zuciya ta ƙara gudu, yunwa ta taso, dariya ta yi yawa, mutum ya fara magana ya manta inda ya dosa. Wani kuma tsoro ke kama shi, ya ga kamar kowa shi yake kallo.

Da gaske tana haukatarwa?

Ba kowa ba, amma maganar ba tatsuniya ba ce. A Ingila sunan skunk ya koma na duk wiwi mai yawan THC da ƙarancin CBD, wato sinadarin da ba ya bugarwa. Binciken da Marta Di Forti da abokan aikinta na jami'ar King's College da ke Landan suka fitar a 2015 a kan mazauna kudancin Landan ya nuna cewa masu shan irin wannan sun ninka waɗanda ba sa sha sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, masu sha kullum kuwa sau biyar. Wanda ya fara tun yana ɗan makaranta, ko wanda ciwon ke cikin danginsa, ya fi shiga haɗari.

To wadda ake kamawa a Najeriya ita ce ta Kalifoniya?

Sunan ne ya iso mana. Yawancin abin da ake kira skunk a nan noman dazukan Ondo da Edo da maƙwabtansu ne, wanda ake lodawa zuwa Arewa. Babu mai auna ƙarfinta, kuma ƙullin da aka miƙa wa yaro a lungu ba ya zuwa da takardar abin da aka gauraya a ciki. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6, alhali noma da sayarwa da sha duk laifi ne a dokar ƙasa.