Ƙirƙirarriyar Basira a Binciken Ciwon Daji

Ƙirƙirarriyar basira a fannin ciwon daji, wanda ake kira sankara ko kansa, manhajar kwamfuta ce da ake nuna wa dubban hotunan majinyata har ta koyi rarrabe mugun tsiro da wanda ba shi da illa. Galibin aikinta duba hoto ne: na mama, na fata, da na tsokar da aka yanko don awo.

Tarihi

Tun wajajen shekarun 1960 ake gwada kwamfuta a kan hotunan asibiti, amma sai a 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da na'urar farko mai taya likita duba hoton mama. Irin waɗannan na'urori sun cika sa alama inda babu cuta. A 2017 masana a Jami'ar Stanford suka horar da manhaja da hotunan fata 129,450, ta yi kunnen doki da ƙwararrun likitoci 21. Gwajin da ya fi nauyi shi ne na ƙasar Suwidin, wanda aka fitar da sakamakonsa na farko a 2023. Mata kusan 80,000 ne suka shiga, kuma a rukunin da manhaja ta taya likitoci an gano sankarar mama fiye da ɗaya rukunin da kashi 20 cikin ɗari, aikin duba hotunan ya ragu da kashi 44. Manhajar Watson ta kamfanin kwamfuta na IBM kuwa, wadda aka yi don taya likitocin ciwon daji, duk da zuzuta ta da aka yi, ba ta cika alkawari ba. IBM ya sayar da sashen lafiya na Watson a 2022.

Bincike

Manhajar AlphaFold, mai hasashen siffar sunadaran jiki, ta samo wa waɗanda suka ƙirƙiro ta kyautar Nobel a 2024.

A Nijar

Sankarar mama da ta bakin mahaifa su suka fi addabar mata, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Majinyacin Maraɗi da ke buƙatar gashi, wato ƙona tsiron da hasken na'ura, sai ya tafi Yamai, inda cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa ta soma wannan aiki a 2021. Abin da ya fi kusa da buƙatar karkara shi ne manhajar da ke duba hoton bakin mahaifa bayan an shafa ruwan kal, wadda masana a Amurka suka bayyana a 2019, tun da ana iya sa ta a wayar salula.

Saɓani

Yawancin hotunan fata da aka horar da manhajojin na farar fata ne. Ana kuma jayayya kan wanda zai ɗauki laifi in manhaja ta yi kuskure.