Shin da gaske Linux yana cinye RAM?

Shekara da shekaru sababbin masu amfani da Linux, wato wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, suna tayar da hankalinsu idan suka buga umarnin free -h, wanda ke nuna yadda ake amfani da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, suka ga ɗan abin da ya rage a ƙarƙashin kalmar free, sai su ɗauka RAM ɗinsu ya ƙare, har wasu su sayi ƙari ba gaira ba dalili. Wannan kuskure ne. Linux ba ya barin RAM a zaune haka kawai. Yana ajiye kwafin fayilolin da aka karanta kwanan nan a cikinsa, domin ɗauko su daga can ya fi komawa faifai sauri nesa ba kusa ba, kuma da zarar wata manhaja ta nemi wuri, sai ya sakar mata wannan ajiya.

Lambar da ya kamata a duba ita ce ta available, wadda ta dogara da MemAvailable, wato ƙiyasin RAM ɗin da manhajoji za su iya samu, da aka ƙara a sigar 3.14 ta kernel, wato zuciyar Linux, a shekarar 2014. Masu share ajiyar da hannunsu ta hanyar saitin drop_caches kuwa, a ganina, rage wa kwamfutarsu sauri kawai suke yi. Ƙarancin gaske yana bayyana ne idan available ta kusa ƙarewa, swap, wato wurin da ake warewa a faifai don taimaka wa RAM, ya cika, kernel ya fara kashe manhajoji.